Jan "L" a bayan mota: me takardar izinin koyon tuƙi ta halatta maka, me ta hana ka?

Duk wanda ke bin hanyar Kubwa zuwa cikin garin Abuja da safe ya san motar da nake nufi. Ƙaramar Corolla ce ko Honda fes da ita, an manna jan "L" a gilashin baya, tana tafe a tsakiyar titi kamar mai tausayin kwalta. Idan ka zo gifta ta ka leƙa, mutum ɗaya tal za ka gani a ciki, ya ƙanƙame sitiyari kamar za a ƙwace masa, kujerar gefensa kuwa jakar ofis ce a kai ko kular abinci. Mun saba gani har ya daina ba mu mamaki, sai dai a danna hon, a ce "lana ne", a kauce masa.

Amma idan za a bi ta doka, mai wannan motar ɗayan biyu ne. Ko dai yana da cikakken lasisi a aljihu, ya manna "L" ne don a riƙa tausaya masa saboda ya san hannunsa bai faɗa ba, ko kuma ɗan koyo ne na gaske da ya fito shi kaɗai, abin da takardar hannunsa ba ta ba shi izini ba. Na farko ya karɓi lasisi kafin ya iya mota, na biyu ya mai da takardar koyo lasisi. Dukkansu matakala ɗaya suka tsallake, wato 'yan watannin nan da ya kamata mutum ya yi yana tuƙi wani na zaune a gefensa yana gyara masa.

Ban taɓa bin diddigin wannan batu ba sai bara, da ƙanwata ta samu aiki a Garki alhali tana zaune a Dutsen Alhaji. Wata uku ta yi tana fama da motocin kan hanya da ake kira alon, ta fita duku-duku ta dawo bayan isha'i, kullum gabanta na faɗuwa saboda labarin 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota. Mijinta ya kukkuta ya saya mata 'yar mota ta hannu, ita kuma ta kira ni ta ce, "Yaya, kai za ka koya mini." Ko kwana biyu ba a yi ba wani a majalisarmu ya ja ni gefe, ya ce ya san mutumin da zai kawo mata lasisi har gida, hoto kawai za ta tura ta WhatsApp. Da na ce masa ai ko ribas ba ta iya ba tukuna, sai ya yi dariya. "Haba Malam, wa ya iya kafin ya karɓa? A titi ake koyo."

Abin da ke fara rikita mutane shi ne hannu uku ne a harkar lasisi a Najeriya. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, waɗanda muke kira 'yan Rod Sefti. An kafa ta a 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, yanzu kuma tana aiki da dokarta ta 2007. Su ke tantance makarantun koyon tuƙi, su ɗauki hoto da zanen yatsu, su buga katin lasisi, su kuma ke riƙe da rumbun bayanan direbobin ƙasar. Akwai jami'an duba motoci, VIO, waɗanda a Abuja suke ƙarƙashin hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, DRTS, mai hedikwata a Mabushi, su ne za su gwada ka su ce ka iya ko ba ka iya ba. Sai ɓangaren haraji, mai kula da kuɗin. Katin lasisi na ƙasa ne baki ɗaya, wanda aka karɓa a Abuja zai yi aiki a Sakkwato ya yi a Fatakwal. Takardar izinin koyo kuwa daga ofishin lasisi na inda kake take fitowa, a Abuja ta hannun VIO, kuma galibi makarantar da ka shiga ce ke yi maka zirga-zirgar karɓo ta.

To mece ce ita wannan takarda? Ba ƙaramin lasisi ba ce, kamar yadda ake ɗauka. Izini ne na koyo, kuma ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa, waɗanda aka sabunta a 2012, sun ɗaure ta da sharuɗɗa. Sai ka cika shekara 18 a ba ka. Wa'adinta wata uku ne daga ranar da aka bayar, idan ya ƙare ba ka gama ba sai ka sabunta, domin wadda ta ƙare da babu duk ɗaya ne. Tana aiki a kan ajin motar da aka rubuta a jikinta da hanyoyin da ta ambata. Dole a sa alamar "L" ja a kan fari, a gaba da baya, yadda kowa zai gani. Sai babban sharaɗin da sauran duk suka rataya a wuyansa: direba mai lasisi ya zauna a gefenka duk lokacin da kake tuƙi, domin ya koya maka.

Maganar shekaru ba ta buƙatar dogon bayani, sai dai mu iyaye ne ke karya ta. A unguwanni irin su Gwarimpa da Lugbe za ka ga yaro ɗan shekara 15 an ba shi makulli ya je sayo burodi, da ƙyar kansa ya wuce sitiyari, uban har yana alfahari wai ɗansa ya iya mota. Ranar biki ko Sallah kuwa sai ka ji ƙarar tayoyi, yara na wasa da mota kamar keke. Babu wata takarda da ta halatta wannan, ko uban na zaune a gefe.

Ajin mota kuwa da sauƙi. A na babur ne. B shi ne na ƙananan motocin gida waɗanda ba su kai tan uku ba, kuma shi mafi yawan masu karanta wannan suke nema. F na taraktoci da injinan noma ne, G na tirela da irinta, H na katafila da sauran injinan tonon ƙasa, J kuma na masu buƙata ta musamman. Wanda zai ɗauki fasinja a biya shi sai ya nemi lasisin haya, shi kuma sai an kai shekara 26. Don haka saurayin da ya karɓi takardar koyo yau, gobe ya ari motar maƙwabci ya fara lodin Nyanya zuwa Area 1, ya tara laifi a kan laifi, ya kuma ɗauki rayukan mutane ya ɗora a kan hannun da bai nuna ba.

Mu dawo kan mutumin gefe, domin nan ne zancen yake. Mutane na ɗaukar cewa ko wa aka samu ya zauna ya wadatar, a ɗauko ƙani ko mai gadi a cika sharaɗi. A'a. Mai lasisi ake nufi, lasisin da bai ƙare ba, kuma a kujerar gaba, ba a baya yana latsa waya ba. Dalili shi ne ɗan koyo ba ya ganin titi. Idonsa a kan hancin motar yake, hankalinsa ya rabu tsakanin ƙafa da giya da madubi, kunnensa kuma yana kan hon ɗin da ake danna masa a baya. Wanda ya daɗe yana tuƙi yana hango mai kurar ruwan da ke shirin tsallakowa tun daga nesa, yana lura da cewa tasin da ke gabansa ta fara karkata dama, ko ba ta sa sigina ba za ta tsaya ɗaukar fasinja. Ɗan koyo sai abu ya zo gabansa yake gani. Aron ido yake yi daga na gefensa har nasa su buɗe.

Lissafin ma a fili yake. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Idan ta kai 100, kusan mita 28 ke nan, wato tsawon motoci biyar ko shida kafin ka ƙifta ido ka ɗaga ƙafa daga totur zuwa birki. Sannan nisan da mota ke buƙata ta tsaya bayan an taka birki ba ninki biyu yake yi ba idan gudu ya ninka, ninki huɗu yake yi. Ƙwararre na ɓata kamar daƙiƙa ɗaya kafin ya yanke shawara, ɗan koyo kuwa yakan ɓata biyu ko uku, wani lokaci ma ya yanke ta a karkace.

Na ga wannan da idona. Wata Lahadi bayan sallar asuba na ɗauki ƙanwata muka je wani layi mara mutane a Kubwa, tun kafin ta shiga makaranta, ni a ganina ai 'yar gaba da baya ce kawai. Ta yi zagaye biyu lafiya lau har ta fara hira. A na uku wata akuya ta ɓullo daga bayan kwatami. Na ce "birki", sai na ji injin ya yi kuka, motar ta yi tsalle gaba. Allah Ya taimaka motar tana da hambirki na hannu a tsakanin kujeru, na fizge shi da iyakar ƙarfina, muka tsaya bai fi taku biyu ba daga teburin mai shayi, wanda ya riga ya watsar da ludayi ya haye katanga. Ta juyo jikinta na rawa ta ce, "Yaya, wallahi birki na taka." Har yau ta yarda birki ta taka. Ba ƙarya take ba, a ranta birkin ta nufa, ƙafar ce ta je wani wurin. Mai shayin da ya sauko bai yi faɗa ba, ya dube ni kawai ya ce, "Alhaji, a kai Hajiya makaranta mana."

Gaskiya ya faɗa. Motar makarantar kirki tana da birki na biyu a ƙarƙashin ƙafar malami, ba sai ya yi kokawa da hambirki ba. Motocinmu na gida kuwa da yawa yanzu hambirkinsu a ƙafar direba yake ta hagu, wasu ma maɓalli ne kawai, na gefe ba shi da abin kamawa sai salati. Akwai kuma abin da ba a rubuta a kowace doka ba: miji ya koya wa matarsa mota, ko wa ya koya wa ƙanwarsa, da wuya a rabu lafiya. Tsawar da baƙon malami zai yi a shanye, idan ta fito daga bakin maigida sai ta bi su har ɗaki.

Tsarin da FRSC ta shimfiɗa wa makarantun da ta amince da su shi ne darussa 26, ana shigar da su a kwamfuta rana bayan rana, sai sun cika takardar shaidar kammalawa take fita da lambarta. Idan babu wannan lambar, fom ɗin neman sabon lasisi a intanet ba ya wucewa. An yi haka ne don a toshe ƙofar masu sayen lasisi, amma ɗan Najeriya ba ya rasa taga. Akwai makarantun da za su karɓi kuɗinka, su sa sunanka, su bar kwanaki su yi ta tafiya kana gida a kwance, ranar da suka cika su buga maka shaida. Takardar ta gaske ce, iyawar ce babu. Kafin ka biya, duba sunan makarantar a jerin waɗanda FRSC ta tantance a shafinta na intanet, sannan ka je da ƙafarka. Ka ga ɗakin karatu, ka leƙa ƙarƙashin kujerar malami ka ga ko akwai birkin nan, ka tambayi minti nawa za ka riƙa riƙe sitiyari a kowane zama. Idan mutum biyar ake cusawa a mota ɗaya a zaga da su awa guda, kai ka san rabonka.

Za su tambaye ka mai giyar hannu kake so ko otomatik. Lasisinmu bai raba su ba, B ɗin dai shi ne. Abuja kuma otomatik ta cika ta, kuma mai bin cunkoson Mararaba kullum ba zai so kuloci ba. Duk da haka ni shawarata, wanda ke da hali ya fara da mai giyar hannu. Wanda ya sha wahalar tayar da mota a kan tudu ba tare da ta koma baya ta daki na bayansa ba, ya san nauyin mota a ƙafarsa, kuma duk motar da aka ba shi zai ja. Wanda ya koya da otomatik ya kiyaye abu ɗaya tun ranar farko: ƙafar dama ce kaɗai ke aiki, ta hagu a ajiye ta gefe kamar ba taka ba.

Sai karatu, wanda shi ne aka fi rainawa. Akwai littafin ƙa'idojin hanya na Najeriya, daga cikinsa tambayoyin gwaji suke fitowa, kuma ba shi da kauri. Ka fara da siffar alamomi kafin zanen da ke cikinsu, domin siffar kaɗai ta gaya maka rabin saƙon. Mai da'ira da jan baki hani ce: kada ka shiga, kada ka juya, kada ka wuce gudu kaza. Mai da'ira shuɗiya umarni ce, bi nan. Mai kusurwa uku gargaɗi ce, akwai kwana ko gangara ko makaranta a gaba, idan kuma aka kifa ta kai ƙasa, cewa take ka ba wa na babban titi hanya. Mai kusurwa huɗu bayani take yi, asibiti ko gidan mai ko sunan gari. Mai kusurwa takwas ja guda ɗaya ce tak, ta tsayawa, kuma tsayawa cak ake nufi, ba rage gudu ba. A kan kwalta, layin da ya yanke-yanke ana iya tsallaka shi idan hanya ta yi kyau, wanda ya miƙe bai yanke ba katanga ne. Iyakar gudu ga motar gida kilomita 50 ne a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a babban titin esfires. Tasi da bas suna tsayawa a 90 a esfires, tanka da tirela a 60, ko da yake wanda ya taɓa ganin tifar yashi a hanyar filin jirgi zai yi murmushi.

Shataletale shi ne inda ɗan koyo ke zufa, Abuja kuma tana da su, na Berger da na Area 1 sun isa misali. Tun 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka ana zaga shataletale ne ta dama, kuma wanda ya riga ya shiga, wato mai zuwa ta hagunka, shi ke da hanya. A littafi ke nan. A Berger da ƙarfe biyar na yamma kuwa wanda ya fi tsohuwar mota da taurin kai shi ke da hanya. Malamin kirki zai koya maka duka biyun: dokar da za ka bi, da sanin cewa na kusa da kai ba lallai ya bi ta ba. Haka danja. Ruwan ɗorawa na nufin ka shirya tsayawa, amma a nan gari mutane sun fassara shi da "ƙara wuta". Idan kore ya kama maka, ɗan dakata ka dubi hagu da dama kafin ka shiga, ko na baya zai fasa hon ɗinsa.

Titunan Abuja suna da yaudara. A Kano ko Zariya cunkoso da 'yan adaidaita-sahu ne ke tsare ɗan koyo, ba ya samun filin da zai yi gudu. A nan kuwa titi shimfiɗe yake, faɗi ga santsi, sai mutum ya kai 100 bai sani ba. Babban titin Murtala Mohammed da ya bi ta Kubwa zuwa Zuba, da na Umaru Musa 'Yar'aduwa mai zuwa filin jirgi ta Lugbe, ba wuraren makon farko ba ne, ba na na biyu ba. Ga masu tsallaka titi da gudu a ƙarƙashin gadar da aka gina musu, ga masu tahowa ta hannun da ba nasu ba a ƙananan layukan gefe, ga jerin gwanon manya da jiniya. Gangaren Kugbo, daga AYA zuwa Nyanya, ya sha cin mutane idan birkin babbar mota ya tsinke. Malamin da ya san aikinsa yana farawa da fili, ya koma layukan unguwa, sannan titunan Wuse da Garki da safiyar Asabar ko Lahadi, sai can ƙarshe ya hau da kai babban titi, shi ma da rana tsaka ba da dare ko cikin ruwan sama ba. Kuma tunda da yawanmu a Abuja muke aiki amma a Mararaba ta jihar Nasarawa ko Suleja da Madalla ta jihar Neja muke kwana, ka karanta abin da aka rubuta a takardarka game da inda ta ba ka izini. Kada ka ɗauka za ka ja mota da ita zuwa Kaduna ɗaurin aure.

Ina ƙara wasu sharuɗɗan daga kaina. Kada ɗan koyo ya cika mota da yara da 'yan rakiya, kowa na ba da tasa shawarar daga baya. Waya a kashe ta ko a jefa ta jaka. Bel kafin makulli. Mata su kula da doguwar abaya ko bakin zani kada ya naɗe feda, maza kuma su bar silifas da babbar riga ranar koyo, na taɓa ganin hannun riga ya sarƙe giya ana tsakiyar kwana.

Idan darussa suka cika, makaranta za ta gabatar da kai ga VIO. Akwai tambayoyin alamomi da ƙa'idoji, akwai gwajin ido, akwai kuma na tuƙi: tayarwa, tsayawa, ribas, fakin, juyawa a ƙuntataccen wuri. Abin da mai gwaji ke kallo ba gwaninta ba ce, yana duba ko ka kalli madubi kafin ka motsa, ko ka sa sigina, ko ka bar tazara. Ƙa'idar tazara daƙiƙa biyu ce: idan motar gabanka ta wuce wata fitila ko allo, ka ƙirga biyu a nitse kafin kai ka iso wurin, idan ana ruwa ka ninka. Gwajin ido kuma kada ka raina shi, mutane da dama a nan suke fara sanin cewa tabarau suke buƙata. Wanda ya ci sai a ba shi shaida, ya cika fom a intanet da lambarsa ta NIN, ya biya, ya je cibiyar lasisi a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. A tsarin da aka saba, ana ba da lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin katin ya fito, ko da yake wanda ya taɓa jira ya san kwana 60 ɗin kan yi 'ya'ya. Kuɗin da hukumar haraji ta haɗin gwiwa, JTB, ta tsayar daga watan Yunin 2025 shi ne naira 15,000 na shekara uku da 21,000 na shekara biyar ga mota, babur da keke mai ƙafa uku kuma 7,000 da 11,000. Kuɗin makaranta da na gwaji daban suke.

Daga nan za ka gane matsalar tayin mutumin majalisarmu. Sabon lasisi ba ya fita sai mai shi ya tsaya gaban na'ura da kansa. Duk katin da aka kawo maka gida ba ka je an ɗauki yatsunka ba, a wani shago aka buga shi, kuma ranar da jami'i ya sa lambarsa a waya ya ga babu kai a rumbu, ranar za ka san ka sayi kifi a ruwa. A jadawalin tarar da FRSC ta daɗe tana aiki da shi, tuƙi da jabun takardu naira 20,000 ne, tuƙi ba lasisi 10,000, waya a kunne 4,000, rashin ɗaura bel 2,000, tuƙin ganganci 50,000. Karya ƙa'idar ɗan koyo ma laifi ne mai zaman kansa a jadawalin. Wani zai ce ai kuɗin ba su kai na cika tanki ba, kuma gaskiya ne. Tarar ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne ranar da ka buge mutum, aka tambayi takardunka a ofishin 'yan sanda, aka ga ba ka da hurumin riƙe sitiyarin tun farko. Nan maganar ta tashi daga tsautsayi ta koma ganganci. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, naira 15,000 ce a shekara tun Janairun 2023, tana kuma ɗaukar ɓarnar dukiya har ta naira miliyan uku. Amma kamfanin na iya zame wuyansa idan ya tabbata wanda ke tuƙin ba shi da izini, ko ɗan koyo ne da ya fita shi kaɗai. Sai ka biya fanalbita da asibiti daga aljihunka.

Wasu kuma sun rungumi hukuncin nan na watan Oktoban 2024, inda Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce jami'an VIO ba su da hurumin tare motoci a titi, ko kama su, ko cin tarar direbobi. An yi ta murna a tashoshi, har wasu suka fassara shi da cewa takardu sun daina aiki. Hukuncin a kan tarewa da kamawa da tara ya tsaya. Bai soke lasisi ba, bai soke takardar koyo ba, bai hana VIO gwada masu neman lasisi ba, kuma bai taɓa ikon FRSC da 'yan sanda ba. Lambar FRSC ta gaggawa 122 ce, kyauta ake kira, ya kamata ɗan koyo ya haddace ta tare da alamomin.

Ƙanwata ta yi darussanta, ta sabunta takardar koyo sau ɗaya saboda azumi ya ratsa, ta faɗi gwajin ribas a karon farko ta dawo gida tana cewa mai gwajin ne ba ya son ta, ta koma ta ci. Da lasisin wucin gadi ya fito ta so ta bar "L" ɗin a jiki, wai don a riƙa yi mata uzuri. Na ce mata direban alon ba ya yi wa kowa uzuri, hasali ma idan ya ga jan harafin nan sai ya ƙara matse ki. Abin da muka yi shi ne mako biyu ina ajiye tawa motar a gidansu, ta ja mu zuwa Garki ina gefe, na yi alkawarin ba zan ce uffan ba sai ta tambaya, alkawarin da na karya tun kafin mu kai gadar Katampe.

Ranar Litinin ta mako na uku ta fita ita kaɗai. Ƙarfe takwas saura kwata wayata ta yi ƙara.

"Yaya, na iso."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Sai dai na zaga shataletalen Area 1 sau uku kafin su bar ni na fita."

Allunan "L" ɗin guda biyu suna cikin but ɗin motata, kusa da safaya. Autanmu zai cika 18 bayan Babbar Sallah, kuma ya riga ya fara tambayar ko motar Anti tana da hambirki na hannu.